Ciwon Ido ga Manya a Gabukka

Akwai abin da na daɗe ina lura da shi a unguwarmu ta Gabukka, cikin garin Gombe. In yaro ya kwana da zazzaɓi, kafin hantsi an kai shi asibiti. Amma magidanci sai ya shekara biyu ganinsa yana raguwa, in ka yi masa magana ya ce, "Ai tsufa ne." To, yawancin abin nan da muke ɗora wa tsufa ciwo ne mai suna, kuma da dama yana da magani.

Tsakanin 2005 da 2007 an yi binciken ido a Nijeriya duka, aka auna mutanen da suka kai shekara 40 ko suka wuce. Aka tarar cikin mutum 100 wajen 4 makafi ne. A Arewa maso Gabas kuwa, watau yankinmu, wajen 6 ne, ba inda ya kai mu. Cikin makafi 10 kuma, 8 makantarsu irin wadda ake iya hanawa ce ko a warkar.

Babban mai makantar da manya shi ne yana. A cikin ido akwai wata 'yar ƙwaya garai-garai kamar gilashi, ta cikinta haske ke wucewa. In shekaru suka ja sai ta yi fari, mutum ya riƙa gani kamar cikin hazo. Likita yakan kashe zafin wurin, ya cire ƙwayar, ya sa ta roba a madadinta. Aikin ba ya cika wuce rabin sa'a, kashegari a buɗe idon. Amma masu aikin gargajiya da ke yawo gari gari, su ba sa cire ta, tura ta suke yi cikin ido da tsinke. Mutum ya ɗan ga haske, ya yi murna ya biya. Binciken nan ya nuna cikin idanu 10 da aka yi wa haka, wajen 7 sun zauna a makance.

Wanda ni na fi tsoro shi ne hawan jinin ido. Sunan ma yana ruɗin mutane, gama ba jini ba ne, ruwan cikin ido ne ke kāsa fita har ya danne jijiyar gani. Galibi ba zafi, ba ja. Daga gefe yake fara cin gani, mutum yana karatunsa lafiya lau bai sani ba. Abin da ya ci kuwa ya ciwu, likita sai dai ya tsare sauran, da maganin ɗigawa ko da aiki. Wanda aka yi ciwon nan a gidansu, lalle ya je a auna shi ko da yana gani sarai.

Tela da ya kāsa zura zare a allura, ko malami da ke nisanta littafi kafin ya karanta, bayan shekara 40, yawanci tabarau kawai suke bukata.

Me ke hana mutane zuwa? Dā uzurin nisa ne, gama iyayenmu sai sun tafi Kano, asibitin ido na mishan da aka buɗe a 1943. Yanzu ga Asibitin Koyarwa na Tarayya a cikin Gombe, wanda aka kafa a 1996, ya zama na koyarwa a 2014, yana da sashen ido, tafiyar Keke Napep ce daga Gabukka. Abin da ya rage shi ne kuɗi, da tsoron wuƙa, da rashin ɗan rakiya, musamman ga tsofaffin mata. Kuɗin kam ba na raina shi. Amma a lissafa har da yaron da za a cire daga makaranta ya zama ɗan jagora.

Sa'an nan ga kantin magani a kusa. Akwai magungunan ɗigawa masu kwantar da jan ido nan da nan, amma in an daɗe ana sa su ba da umurnin likita ba, su kansu suna jawo hawan jinin ido da yana. Mai zuwa asibiti ya riƙe kwalaben da ya yi amfani da su ya nuna. Mai ciwon suga kuma ya faɗa tun ba a tambaye shi ba, domin shi ana so a duba cikin idonsa sau ɗaya kowace shekara.