Giɓin Haƙori da Ƙarancin Cimaka: Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da Dashen Haƙori

Aikin narkar da abinci daga baki yake farawa. Haƙora suke yanka loma su niƙa ta, miyau ya jiƙa ta, sannan ciki ya karɓa. Baligi yana da haƙora 32, kuma masana lafiyar baki sun ɗauki 20 a matsayin adadin da mutum yake buƙata domin ya tauna yawancin abinci ba tare da wahala ba. Idan suka ragu ƙasa da haka, musamman idan turamen baya ne suka tafi, mutum yakan fara zaɓen abin da zai ci bisa ga laushinsa, ko da ba shi da amfani sosai ga jiki. Wannan takarda tana bayyana muku yadda giɓin haƙori yake jawo ƙarancin cimaka, da yadda ake cike giɓin ta hanyar dashe, da abin da za ku yi idan dashen bai samu ba.

Yadda giɓi yake rage abin da ake ci

Ku dubi tsohuwar da ke gidanku, ko dattijon da haƙoransa suka zube. Abin da yakan fara bari shi ne nama, sai ƙuli-ƙuli, da soyayyiyar gyaɗa, da fara, da wake idan bai dahu luguf ba, da kwaɗon zogale, da gwaiba. Abin da yakan rage masa shi ne fura da kunu da shayi. Ciki yana cika, amma abincin da ke gina tsoka da ƙara jini ya fita daga kwanonsa. Sannu a hankali sai rama ta shigo, ƙarfi ya ragu, rauni ya daɗe bai warke ba, a ce tsufa ne, alhali wani kaso na matsalar daga baki yake. Lamarin yakan tsananta a lokacin bazara da farkon damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, nono ya yi wuya, ana dama fura da ruwa zalla.

Matsalar ba ta tsaya ga tsofaffi ba. Mace mai ciki ko mai shayarwa da ke tauna da gefe guda saboda giɓi ko ciwo takan rage ci a daidai lokacin da jikinta ya fi buƙatarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a cikin mutanen da suka kai shekara 60 ko fiye, kusan 23 cikin 100 ba su da haƙori ko ɗaya. Manyan dalilan zubewar haƙora biyu ne: kogon haƙori, wanda sukari yake haddasawa, da ciwon dasashi, wanda yake cinye ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙori har ya fara girgiɗa. Haɗarin babur da faɗuwa suna biye da su.

Abin da ke faruwa bayan haƙori ya fita

Ƙashin muƙamuƙi yana riƙe kaurinsa ne saboda saiwar haƙori tana danna shi duk lokacin da aka tauna. Da zarar saiwar ta fita, ƙashin wurin yakan fara shanyewa, kuma shanyewar ta fi sauri a cikin watanni shida na farko. Haƙoran da ke gefen giɓin sukan karkato cikinsa, wanda ke fuskantarsa daga sama ko ƙasa yakan zubo, abinci ya riƙa maƙalewa a tsakani. Shi ya sa giɓi ɗaya da aka ƙyale shekaru yakan haifi wani. Duk wanda yake tunanin cike giɓi, gara ya ga likitan haƙori da wuri, tun ƙashin yana da sauran kauri.

Mene ne dashen haƙori?

Dashen haƙori shi ne a kafa wa mutum saiwa ta ƙarfe a cikin ƙashin muƙamuƙi, a ɗora haƙori a kanta. Yana da sassa uku. Na farko ƴar ƙusa ce mai murɗi, irin wadda ake murzawa ta shiga katako, tsawonta bai cika wuce santimita ɗaya da ɗan kai ba, kuma da ƙarfen titaniyom ake ƙera yawancinsu. Na biyu ɗan gajeren wuya ne da ake ɗaurawa a kan ƙusar ya leƙo ta cikin dasashi. Na uku shi ne kan haƙorin da ake gani, wanda ake yi daidai da launi da girman sauran haƙora. Ya bambanta da haƙorin Makka da kuka sani, wanda hula ce ta zinariya ko azurfa da ake sawa a kan haƙorin da yake nan da saiwarsa.

Sirrin aikin yana cikin halin titaniyom: jiki ba ya ƙin sa, ƙashi kuma yakan tsiro ya manne masa. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ne ya lura da haka a 1952, sa'ad da yake bincike a kan ƙashin zomaye, ya tarar ƙarfen da ya sa ya ƙi cirewa domin ƙashi ya kama shi. A 1965 ya yi wa mutum na farko dashe a birnin Gotenbag, kuma wannan mutumin ya ci abinci da haƙoran kimanin shekara 40, har ƙarshen rayuwarsa. A yau, idan gwani ya yi aikin kuma mai shi ya kula da tsabta, wajen tara cikin goma na dashe suna nan daram bayan shekara 10.

Yadda ake yin aikin

Ba aikin yini ɗaya ba ne. Da farko likita zai duba baki, ya ɗauki hoton ƙashi domin ya auna kaurinsa, ya kuma ga inda jijiya ta bi. Zai tambaye ku cututtukan da kuke da su da magungunan da kuke sha; ku faɗa masa duka. Idan akwai kogo ko ciwon dasashi, sai an magance su tukuna. Idan ƙashin ya shanye da yawa, akan yi masa ƙari, a jira ya warke.

Ranar dashen, ana yin allurar kashe zafi a wurin, a tsaga dasashi, a huda ƙashi daidai awon ƙusar, a murza ta a ciki, a ɗinke. Kumburi da ɗan zafi na ƴan kwanaki abu ne da aka saba gani. Daga nan sai jira, galibi wata uku zuwa shida, domin ƙashi ya kama ƙarfen. Muƙamuƙin sama yakan fi daɗewa domin ƙashinsa bai kai na ƙasa tauri ba. Bayan haka ake ɗaukar awon baki a ƙera kan haƙorin a ɗaura. Ga wanda ba shi da haƙori ko ɗaya a ƙasa, ƙusa biyu suna iya riƙe jerin haƙoran roba su hana su zamewa, ya koma cin nama da wake.

Wa ya dace a yi wa, wa ya kamata ya jira?

Ƙashi ba ya kama ƙarfe sai jiki yana da ƙarfin warkewa. A nan ne dashe ya haɗu da cimaka. Wanda tamowa ta kama, ko jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, sai ya murmure tukuna. Mai ciwon sukari ana iya yi masa idan sukarinsa ya daidaita. Idan yana hawa yana sauka, rauni ba ya warkewa da kyau, ƙwayoyin cuta kuma sukan samu hanya. Shan taba yana rage jinin da ke zuwa dasashi, yana kuma ƙara yiwuwar dashen ya lalace. Mace mai ciki ta jira sai ta haihu, ko da yake ana iya magance mata kogo da ciwon dasashi tun tana da cikin. Wanda aka taɓa gasa wa muƙamuƙi da haske saboda ciwon daji, ko yake shan wasu magungunan ƙarfafa ƙashi, dole ya sanar da likita. Yara da samari ba a yi musu sai ƙashin fuska ya gama girma, wajen shekara 18 ko sama da haka.

Ku sani kuma dashe aiki ne mai tsada. Kuɗin haƙori ɗaya ya ninka na haƙorin roba sau da yawa, kuma sai a babban birni ake samun likitan da ya ƙware a kansa da kayan aikinsa. Ga kuɗin mota da masauki na zuwa da dawowa sau da dama. Kafin ku sayar da tunkiya ko ku taɓa hatsin rumbu, ku nemi a rubuta muku kuɗin aikin gaba ɗaya, daga hoto har kan haƙori, da abin da za a yi idan ƙusar ba ta kama ba. Bai kamata gyaran bakin mutum ɗaya ya bar gida da yunwa ba, tunda akwai wasu hanyoyi.

Sauran hanyoyin cike giɓi

Haƙorin roba mai cirewa shi ne mafi sauƙin kuɗi. Ba ya buƙatar tiyata, kuma ana iya yin sa ga giɓi ɗaya ko ga baki duka. Ƙarfin taunarsa bai kai na dashe ba, yana kuma ɗaukar makonni kafin a saba da shi, amma da babu gara ba daɗi. A cire shi da dare, a wanke da burushi da sabulu, a ajiye cikin ruwa mai tsabta. Idan ya fara gurzar dasashi ko ya yi sako-sako, a koma a gyara, kada a jefar da shi a koma ga kunu.

Akwai kuma gada, wato a feƙe haƙora biyu da ke gefen giɓin, a rataya sabon haƙori a tsakaninsu ya zauna dindindin. Tana da ƙarfi, sai dai ana taɓa lafiyayyun haƙora kafin a yi ta. Wani lokaci kuma likita zai ce muku ba sai an cike giɓin ba, idan haƙoran gaba da ƙananan turame suna nan suna haɗuwa da juna.

Abin da za ku guje wa shi ne masu sa haƙori a kasuwa ko masu yawo gida-gida. Sukan liƙa roba a jikin haƙoran gefe yadda ba za a iya cirewa a wanke ba. Abinci ya taru a ƙarƙashi, dasashi ya ruɓe, haƙoran da aka liƙa wa su ma su tafi. Kayan aikin da ba a dafa ba suna iya ɗaukar ciwon hanta da cutar sida daga wani baki zuwa wani. Araha ba ta ado.

Abincin wanda ba ya iya tauna

Ko ana jiran dashe ya warke, ko ba a da halin yin komai, kada a bar mai giɓi da fura da shayi kaɗai. Kusan duk abin da haƙori ba ya iyawa, turmi da tukunya suna iyawa. A jiƙa wake ya kwana, a dafa shi har ya narke, a murƙushe. A daka ƙuli-ƙuli ko gyaɗa ya zama gari a zuba a kunu. A daka kilishi ko busasshen kifi ko fara a barbaɗa a miya. A busar da zogale a inuwa, a daka, a sa cokali ɗaya ko biyu a miyar kuka ko kuɓewa. Ƙwai, awara, hanta da aka dafa aka daka, kabewa, dankali, nunannen mangwaro da gwanda duk suna shiga ba tare da tauna mai yawa ba. Nono da madara da riɗi da ƙananan kifi suna taimaka wa ƙashi. Lemu da tumatir da garin ƴaƴan kuka suna taimaka wa dasashi ya warke. A ƙara ɗan mai a abincin wanda yake ramewa, a ba shi kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a yini, a kuma ba shi lokaci, domin a kwanon taro mai jinkirin tauna shi yake tashi da yunwa.

A makon farko bayan dashe, a ci abu mai laushi wanda ba shi da zafi ƙwarai, a tauna da ɗaya gefen, a bar taba da goro. Idan kumburi ya ƙaru bayan kwana uku, ko mugunya ta fito, ko zazzaɓi ya zo, ko leɓe ya daina jin taɓi, a koma wurin likita nan da nan. Haƙorin dashe ba ya yin kogo, amma dasashin da ke kewaye da shi yana kamuwa da ciwo, saboda haka wanke baki safe da dare wajibi ne har abada.

Game da yara

Idan haƙorin dindindin na yaro ya fita saboda faɗuwa, ku riƙe shi ta kai, kada ku taɓa saiwar, ku sa shi cikin madara, ku kai yaron da haƙorin asibiti cikin sa'a guda. Sau da yawa ana iya mayar da shi. Haƙorin nono ba a mayar da shi. Idan kuma yaro ɗan shekara 2 zuwa 6, musamman mai tamowa ko wanda ya tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro, ya fara warin baki, dasashinsa yana jini, kumatu ya kumbura, ku kai shi asibitin CSI a ranar. Wannan na iya zama cutar noma, mai cinye kumatu da ƙashi da haƙora cikin kwanaki kaɗan, alhali magani yana tsayar da ita idan an zo da wuri.

Babu haƙorin da ya kai wanda aka haife ku da shi. Ku goge baki sau biyu a yini da man wanke haƙori mai fulorayid, ku ci gaba da asuwaki, ku rage sukarin shayi da lemun kwalba, ku kai kogo asibiti tun yana ƙarami domin a cike shi maimakon a cire. Kuma idan kuka ga wani a gidanku yana ture nama gefe ko yana ramewa ba tare da ciwo ba, ku tambaye shi halin da bakinsa yake ciki, ku raka shi wurin ma'aikacin lafiya.