Wane Ne Ɗan Ƙasa a Idon Doka?

Dattijon da aka haifa a Jahun a 1950, doka ba ta kira shi ɗan Najeriya ba ran sunansa. A wancan zamani Turawa sun ɗauki mutanen Arewa a matsayin waɗanda ke ƙarƙashin kariyar Birtaniya kawai, kariyar da bakin bindiga ya kawo: Kano a 1903, Haɗejia a 1906, inda Sarki Muhammadu ya yi shahada. Sai ranar 1 ga Oktoba 1960 tsarin mulki ya ba shi ƙasa, yana zaune a ƙofar gidansa.

Kowace ƙasa da mudunta. Amurka ta tsayar tun 1868 cewa haihuwa a cikinta ta isa. Jamus ta riƙe jini a dokarta ta 1913, ba ta sassauta sosai ba sai 2000. Mu ma jini muke bi. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a nan bayan samun 'yanci, sai ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ya kasance ɗan ƙasa. Baƙo kuwa, ko ya tsufa yana cin kasuwar Maigatari, sai ya cika shekara 15 yana zaune a ƙasar sannan ya nemi takarda wajen Shugaban Ƙasa. Akwai kuma son kai a Sashe na 26: baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya tana iya yin rajista, amma baƙon da ya auri 'yarmu ba shi da wannan ƙofar. Nijar ta gyara irin wannan son kai a dokarta a 2014.

Matsalar jini ita ce hujja. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba dangi, wani a Gumel, wani a Damagaram, kuma kakanninmu ba su bar takarda ba. A 1980 gwamnatin Shagari ta kwashi Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar Borno, ta kai shi Chadi, wai baƙo ne. Kotu ce ta tabbatar masa da ƙasarsa. Idan an yi wa ɗan majalisa haka, ina ga makiyayi ko masunci a fadamar Haɗejia?

Iyaye, ku yi wa jarirai rajista a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ku adana takardar inda ambaliya ba za ta kai ba.