Ganyen Fari Ba Ya Faɗin Sunan Itace

Wanda ya taɓa aikin lambu a Silet, ƙauyen dabinon nan da ke kimanin kilomita 130 yamma da Tamanrasset a kudancin Aljeriya, ya san abin da ke biyo bayan ban ruwa. Kafin mako biyu bakin kwalbatin ruwa ya cika da tsire-tsiren da babu wanda ya shuka su. Wasu sun zo cikin kashin awaki da raƙuma, wasu iska ce ta kawo, wasu kuma ƙwallon dabino ne da yara suka tofar. Mai lambu zai duƙa da fartanya a hannu, ya zaɓi wanda zai bari da wanda zai sare, alhali shaidar da ke gabansa ba ta wuce ganye biyu ko uku ba. A ƙasar da ruwan sama na shekara bai cika wuce milimita 50 ba, sare itace mai amfani bisa kuskure ba ƙaramar asara ba ce, haka ma shayar da wanda ba shi ake so ba.

Wannan ruɗani ya fi fitowa fili a wani itace da ba ya tsirowa a Silet ko a ƙasar Hausa, amma ya cika duwatsun arewacin Aljeriya. Larabawa na kiransa balluɗ, Turawan Ingila kuma oak. Irinsa ya haura 400 a duniya. Aljeriya na da kaɗan daga ciki: akwai mai kaurin ɓawo wanda ake yin murfin kwalba da shi, da yake da yawa wajen Jijel da El Kala, akwai koren balluɗ da ba ya kaɗe ganye, wanda ake sayar da 'ya'yansa a kasuwa lokacin sanyi, akwai wanda ake kira zan, mai faɗin ganye, akwai afares, wanda a Aljeriya da Tunisiya kaɗai ake samunsa, sai wani gajere mai ƙaya da ya fi kama da kurmi. Idan sun girma, ko baƙo zai bambance su. Idan suna jarirai kuwa, har masana sukan yi shiru.

Ƙwayar balluɗ takan fara aika saiwa can ƙasa kafin komai ya leƙo sama, kuma ɓari biyun nan na ƙwayar, waɗanda a wake ko tsamiya suke fitowa su zama ganyen farko, a nan suna zama binne suna ciyar da tsiron. Ganyen da ya fara bayyana kuma ba lallai ya yi kama da na uwar ba. Ɗan koren balluɗ yana fitowa da ganye mai haƙora masu tsini, kamar yana kare kansa daga bakin akuya, sai ya yi tsawo sannan ganyen saman su zama masu santsin baki. Ɗan mai kaurin ɓawo ma haka yake fitowa, kuma ɓawon da aka san shi da shi ba zai nuna ba sai bayan shekaru. Kama da wane dai ba ta wane.

Akwai wata matsalar a kan wannan. Iska ce ke ɗaukar garin furen balluɗ daga wannan itace zuwa wancan, kuma ire-irensa suna barbarar juna cikin sauƙi. Shi kansa afares, binciken ƙwayoyin halitta ya nuna asalinsa haɗin zan ne da mai kaurin ɓawo. Saboda haka mutum zai iya tsince ƙwaya a gindin itacen da ya sani, ta tsiro da ganyen da ya ɗauko rabin kama daga uban da bai taɓa gani ba. Shi ya sa masu rainon itatuwa ba sa jiran ganye. Tun ranar tsinta suke duba 'yar hular da ke kan ƙwayar, ko ɓawonta a kwance yake, ko a miƙe, ko mai ƙaya, su ɗebi ganyen uwar, su rubuta wuri da rana a jikin leda. Wanda ya zuba ƙwayoyin dazuzzuka uku a buhu ɗaya ya sayi jiran shekara da shekaru. Matafiyin da ya sayo balluɗ a arewa da niyyar gwadawa a lambun hamada kuma ya sani cewa ƙwayar ba ta jure bushewa: ba kamar irin bagaruwa ba da zai shekara a kwalba, ita da ta bushe ta mutu.

To mu dawo gida, domin abin bai tsaya kan itacen baƙi ba. Kowane Bahaushe ya san ganyen kuka, mai yatsu biyar zuwa bakwai kamar tafin hannu. Amma ɗan kuka ba haka yake fitowa ba. Ganyensa ɗaya-ɗaya ne, dogo, babu rabuwa, kuma yakan daɗe a haka kafin ya fara yin biyu, uku, har ya kai biyar. Ina kyautata zaton an sare 'ya'yan kuka da yawa a gonakinmu da sunan ciyawa, a hannun mutanen da suka ci tuwo da miyar kuka a daren ranar. In ana kokwanto a ɗan tona gefensa: saiwar ɗan kuka a kumbure take kamar ƙaramin rogo.

Itatuwan ƙaya sun fi wahala, kuma su ne suka cika kwaruruwan duwatsun Ahaggar na yankin Tamanrasset kamar yadda suka cika dajin Damagaram. Gawo, bagaruwa, kandili da daƙwara duk da ƙananan ganye jere suke tsirowa, mutum ya rantse abu ɗaya ne. A nan ganye ba ya raba gardama, ƙaya ce ke rabawa, ita ma sai an ba ta 'yan watanni. Daƙwara, mai ba da ƙaro, ƙayarta uku-uku take fitowa, ta tsakiya ta lanƙwasa ƙasa, biyun gefe su kalli sama. Kandili na haɗa iri biyu a reshe guda, dogaye farare da gajeru masu ƙugiya. Ta bagaruwa biyu-biyu ce, miƙaƙƙiya, a kan reshe mai duhu. Gawo kuwa reshensa fari-fari ne, yana tafiya a karkace daga gaɓa zuwa gaɓa, ganyen kuma kore ne mai toka-toka. Aduwa, wadda Buzaye ke kira teboraq, ba ta ɓoye kanta: ganye biyu a kan ƙafa ɗaya, da koriyar ƙaya. Magarya ma haka, jijiyoyi uku ne ke tashi daga gindin ganyenta.

Wannan sani ba na nishaɗi ba ne. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aikin dashen itatuwa a yankin Maraɗi, ya lura cewa ƙananan kurmin da ake sassabewa kowace bazara tohon kututturan manyan itatuwa ne da saiwarsu ke raye a ƙasa. Daga nan aka ƙarfafa abin da manoman Nijar ke kira sassabin zamani: a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a bari, a rage sauran. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5. Duk aikin ya rataya ne a kan idon manomi. Dole ya gane gawo tun yana ƙasa da gwiwa, domin shi ne ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya kuma yi kore da rani lokacin da dabba ba ta da abin ci. Toho daga kututture ya fi tsiron iri sauƙin ganewa, tun da tsohon ɓawon na nan yana ba da shaida, kuma dattawan gari sukan tuna itacen da ke wurin kafin a sare shi.

Harshenmu ma ya san yaro daban, babba daban. Ƙaramar goriba kaba ake ce mata, da ita ake saƙa tabarma da faifai. Tsiron giginya da ake tonowa a dafa kuma muruci ne. Wanda bai sani ba zai ci muruci bai taɓa kawo giginya a ransa ba.

Amma a Silet babban darasin yana wurin dabino. Ƙwallo idan ya tsiro, ganye ɗaya yake fitarwa siriri kamar na ciyawa, babu alamar reshen da aka sani. Ko bayan ya ɗauki siffar dabino, ganyen ba zai gaya maka abin da ka fi buƙatar ji ba. Dabino akwai namiji akwai mace, kuma kusan rabin abin da ya tsiro daga ƙwallo maza ne, ba sa 'ya'ya. Ba za a sani ba sai ya yi fure, bayan shekara huɗu, biyar ko fiye ana zuba masa ruwa. Ko mace ce ta fito, ba tabbas 'ya'yanta su yi zaƙin na uwar. A nan barewa takan yi gudu ɗanta ya yi rarrafe. Shi ya sa masu dabino a hamada ba sa dogara da ƙwallo. Suna cire ɗan da ya toho a gindin macen da suka san ɗanɗanonta, su dasa, domin shi jikin uwar ne sak. Maza kaɗan ake bari a lambu, namiji ɗaya ya ishi mata da dama, tun da da hannu ake hawa a saka furensa cikin na macen idan lokaci ya yi.