Yadda ake koya wa yaran firamare rubuta kalmomin Hausa daidai

Masana harkar ilimi sun daɗe suna nuni da cewa shekaru ukun farko na firamare su ne ke yanke makomar karatun yaro, domin wanda ya wuce aji uku bai iya haɗa haruffa su zama kalma ba, da wuya ya fahimci sauran darussan da za su biyo baya. Wani gwajin karatu da aka gudanar a jihohin Bauchi da Sakkwato a shekara ta 2013 ya nuna cewa akasarin yaran aji biyu da aka gwada ba su iya karanta ko da kalma ɗaya ta Hausa ba, duk kuwa da cewa harshen ne suke magana da shi a gida.

Abin lura shi ne, Hausar boko na daga cikin rubuce-rubuce masu sauƙin koyo, saboda kusan kowane harafi sauti ɗaya yake wakilta. Turanci kuwa yana da sautuka kimanin 44, amma haruffa 26 kacal. Wani bincike da Philip Seymour na jami'ar Dundee da abokan aikinsa suka wallafa a 2003 ya gano cewa yaran da ke koyon harsuna irin su Italiyanci da Girkanci, inda harafi da sauti suke tafiya tare, kan iya karanta kalmomi kafin ƙarshen shekararsu ta farko, yayin da masu koyon Turanci ke buƙatar fiye da ninki biyu na wannan lokaci. Hausa tana cikin rukunin farko, saboda haka ba a harshen matsalar take ba, tana ga hanyar koyarwa.

Sauti kafin sunan harafi

Kuskuren farko da ake yi a makarantu da dama shi ne fara wa yaro da sunayen haruffan Turanci. A Turanci ana kiran harafin e da suna "i", harafin i kuma ana kiransa "ai". Idan malami ya ce a rubuta "ido", yaron da ya haddace waɗancan sunaye sai ya rubuta "edo", kuma a iya saninsa bai yi kuskure ba. Haka nan wanda ya saba da ch na Turanci zai rubuta "chi" a maimakon "ci".

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a fara da kunne. Ana tambayar yara sautin da suka ji a farkon "mota" ko "nama", daga nan a nuna musu harafin da ke ɗauke da sautin. Bayan sun san wasula biyar, wato a, e, i, o, u, sai a haɗa su da baƙaƙe a samar da gaɓoɓi kamar ma, mi, mu, sannan a haɗa gaɓoɓin su zama kalma. Wannan tsari ba baƙo ba ne ga al'ummar da ta san makarantar allo, inda almajiri ke fara babbaƙu kafin ya shiga farfaru.

Ko a Ingila ma an koma ga wannan hanya ta bin sauti bayan rahoton Jim Rose na 2006, kuma a 2012 aka fara yi wa yara 'yan kimanin shekara shida gwajin karanta kalmomi 40. A arewacin Nijeriya, wani shiri da hukumar USAID ta Amurka ta ɗauki nauyinsa daga 2015 ya samar da littattafan Mu Karanta! domin aji ɗaya zuwa uku a Bauchi da Sakkwato.

Wuraren da yara ke tuntuɓe

Wahalhalun rubutun Hausa ba su da yawa, kuma sanannu ne. Na farko shi ne baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ. Barin ƙugiya na sauya ma'ana baki ɗaya: kafa daban take da ƙafa, daka daban da ɗaka, bari daban da ɓari. Malami kan jera irin waɗannan kalmomi biyu-biyu, yara su furta su ji bambancin kafin su rubuta.

Na biyu shi ne baƙi mai maimaituwa, kamar a baba da babba, ko kala da kalla. Idan yara suka tafa hannu a kan kowace gaɓa, za su ji cewa babba tana rabuwa ne zuwa bab da ba. Akwai kuma haruffa biyu masu wakiltar sauti ɗaya, irin su sh, ts, ky da gw, waɗanda ya kamata a koyar da kowannensu a matsayin abu guda.

Na uku shi ne raba kalmomi da haɗe su, inda hatta manya ke kuskure. Ƙa'ida ta ce a haɗe yana da suna da suka, amma a raba za su da shi ne. Ana haɗe gidansu, amma ana raba ya gan su. Wannan ba ya shiga ta hanyar haddace ƙa'ida, sai ta yawan karatu da kuma shifta, wato malami ya faɗi gajeriyar jimla yara su rubuta, sannan a gyara tare a kan allo.

Na huɗu kuwa shi ne rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Shi ya sa gari na zama da gari na tuwo suke da rubutu iri ɗaya, haka ma kuka na hawaye da kuka ta miya. Irin waɗannan kalmomi a cikin jimla ake koyar da su.

Asalin ƙa'idojin da batun manufa

Waɗannan ƙa'idoji ba rana ɗaya aka yi su ba. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912, aka shigo da baƙaƙe masu ƙugiya a shekarun 1930, sannan hukumar UNESCO ta kira taron daidaita rubutun wasu harsunan Afirka ta Yamma a Bamako a 1966. Akwai ɗan bambanci tsakanin ƙasashe, domin a Nijar ana rubuta ƴ inda a Nijeriya aka saba da 'y.

Ta fuskar manufa kuwa, tsarin ilimin Nijeriya na 1977 ya tanadi koyarwa da harshen uwa a farkon firamare. A 2022 gwamnati ta amince a faɗaɗa hakan zuwa shekaru shida, to sai dai a watan Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke manufar tare da komawa ga Turanci, matakin da ya jawo muhawara tsakanin masana.

Ko wane harshe aka zaɓa a aji, yaron da ya gane cewa harafi sauti yake wakilta, ya kuma gwada hakan a harshen da yake ji, zai shiga Turanci da tushe mai ƙarfi. Iyaye ma na da rawar takawa, domin mintoci kaɗan a kullum na shiftar kalmomin gida kamar ƙofa, tsintsiya da ɗaki na taimakawa ƙwarai, musamman idan su kansu suna kiyaye ƙugiya a saƙonnin da yara ke gani a wayoyinsu.