Abin Da Ya Kamata A Duba Kafin Sayen Ƙaramar Mota Ta Hannu

Duk wanda ya bi hanyar Keffi zuwa Abuja da misalin ƙarfe bakwai na safe, ya ga yadda motoci ke cincirindo tun daga Masaka har Nyanya, ya san cewa zuwa shago ko ofis ya zama wani babban kaso a cikin kasafin kuɗin magidanci. Haka lamarin yake ga mai fitowa daga Agege ko Ikorodu zuwa tsibirin Legas. Wannan ne ya sa 'yan kasuwa da ma'aikata da dama, waɗanda a da ba sa kallon mota sai mai faɗi da tsawo, suka koma neman ƙananan motoci na hannu.

Idan dai ba a manta ba, ranar 29 ga Mayu 2023 ne Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da N200 ta kai kimanin N500 cikin 'yan kwanaki, kuma a watan Oktoba 2024 ta haura N1,000 a Abuja. A watan Yuni 2023 kuma Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa Naira mara, inda dalar da ake samu a kan kimanin N460 a hukumance ta kai wajen N1,500 a Fabrairu 2024. Da yake da dala ake sayo mota daga waje, kuma a kan farashin dala ake lissafa kuɗin fito, sai mai saye ya sha bugu biyu, a wajen dillali da kuma a gidan mai.

Ba yau ne aka fara ganin irin wannan ba. Tun 1975 ake harhaɗa Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas, kuma ma'aikaci yana iya sayen sabuwa da bashin mota, har zuwa 1986 lokacin da shirin SAP ya karya darajar Naira. Daga nan ne kasuwar tokumbo da 'yan Kwatano ta bunƙasa. Darasin wancan lokaci har yanzu yana nan: kuɗin da aka biya dillali sau ɗaya ne, amma kuɗin riƙon mota kullum ne, saboda haka a wajen riƙo ake gane araha.

Ma'auni na farko shi ne shan mai. Mu ɗauki misalin mutumin da ke yin tafiyar kilomita 40 a rana, zuwa da dawowa, na kwana 22 a wata, wato kilomita 880 ke nan. Motar da ke shan lita 6 a kowace kilomita 100 za ta buƙaci kusan lita 53. Wadda ke shan lita 11 kuwa za ta buƙaci kusan lita 97. Bambancin lita 44 ne. In aka ƙaddara lita a kan N1,000, ya zama N44,000 a wata, ko N528,000 a shekara. Wannan rara ta wata guda ta fi rabin mafi ƙarancin albashi na N70,000 da aka sa wa hannu a Yuli 2024. Motocin da ke iya kusantar adadin farko su ne masu inji tsakanin lita 1.0 zuwa 1.5, irin su Toyota Yaris, Honda Jazz, Nissan Micra, Kia Picanto da Hyundai i10. Sai dai a lura, cunkoson hanya da kunna na'urar sanyaya mota suna ƙara shan mai ga kowace iri.

Ma'auni na biyu shi ne kayan gyara da makanikin da ya san motar. Kafin mutum ya taya mota, ya kamata ya fara zagayawa kasuwar Ladipo a Legas, ko Apo a Abuja, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ya tambayi kuɗin abubuwan da suka fi saurin cinyewa, kamar takalmin birki, shokozoba, famfon mai da fitilar gaba. In an yi ta tura shi daga rumfa zuwa rumfa ana cewa sai an aiko daga waje, to ya sami amsarsa. Akwai hikima a lura da abin da masu haya ke amfani da shi, domin su ne ke yin lissafin nan kullum. Ba banza ba ne Micra ta cika titunan Ibadan a matsayin tasi, kuma tsohuwar Golf ta daɗe tana jigila a garuruwan Arewa.

Har ila yau akwai batun giya. Mai otomatik ta fi sauƙi a cikin cunkoso, amma gyaran giyarta ya fi tsada, musamman irin wadda ake kira CVT, da ake samu a Honda Jazz da wasu motocin Nissan. Irin wannan giya tana da man da aka keɓe mata, kuma in aka zuba mata wani daban tana iya lalacewa cikin ɗan lokaci. Giyar hannu ta fi juriya, kuma kowane makaniki ya san ta. Bayan haka, ƙaramar mota tana da iyaka. Wanda ke ɗaukar buhuna ko iyali mai yawa, ko yake bin hanya mai ramuka, zai mayar da abin da ya tara a gidan mai zuwa gareji. Irin wannan gara ya nemi wadda ta ɗan fi girma, kamar Corolla.

Idan an tsayar da shawara a kan irin motar, sai binciken ita kanta. Mai saye ya tafi da makanikinsa, ba wanda dillali ya kawo ba, kuma da rana tsaka. A tayar da injin yana sanyi, a dubi salansa: shuɗin hayaƙi alama ce ta ƙona baƙin mai. A buɗe murfin baƙin mai, in an ga ya yi kalar shayi da madara, ruwa ne ke shiga injin. A ɗaga dardumar ƙasa a nemi laka, tsatsa ko warin danshi, domin daga cikin motocin da ake yin gwanjonsu a Amurka akwai waɗanda ambaliya ta shanye, kuma matsalar wayoyinsu ba ta ƙarewa. Kada a dogara da adadin tafiyar da agogon mota ya nuna, tun da ana iya mayar da shi baya. Gogewar sitiyari da fedar birki sun fi faɗin gaskiya. A kuma tabbatar ba a cire tukunyar tace hayaƙi ba, wadda makanikai ke kira indomi. Motar da aka juya sitiyarinta daga dama zuwa hagu kuwa, a bar ta ko da an karyar da farashi.

Ma'auni na ƙarshe shi ne takardu, kuma a nan ne ake yin asarar da ba ta da gyara. Daga 1 ga Janairu 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, sannan a 2022 hukumar kwastan ta fara ƙiyasta kuɗin fito ta hanyar lambar cesis mai haruffa da lambobi 17. Motar da aka yi fasa-ƙwaurinta, ko aka biya mata kuɗin fito da bai cika ba, ana iya ƙwace ta a hanya ko da ta shekara a hannun wanda ya saya. Saboda haka a gwada lambar da ke jikin motar da wadda ke cikin takardu, a kuma kai takardun ofishin kwastan a tantance kafin a biya ko sisin kwabo. In motar ta yi aiki a cikin ƙasa ne, a nemi shaidar mallaka, a rubuta yarjejeniyar ciniki a gaban shaidu, a kuma canza suna ba tare da jinkiri ba. A sa kuɗin inshora a lissafi, wanda mafi ƙanƙantarsa ya tashi daga N5,000 zuwa N15,000 a Janairu 2023.

Daga ƙarshe, ɗan kasuwa ya tuna cewa motar hawa ba haja ba ce, ba ta kawo riba, kuma kowace shekara ƙara tsufa take yi. Bai dace a zuba duk abin da ke hannu a wajen ciniki ba. A rage wani abu don canza baƙin mai, taya da batir a watan farko, domin da wuya motar hannu ta zo ba ta buƙatar ɗaya daga cikinsu. Wanda ya taɓa jarinsa don ya hau motar da za a kalla, zai iya wayar gari motar na ajiye a ƙofar gida, shagon kuma babu kaya. Hausawa dai sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida.