Gayyar Adana Zayyana: Akwatin Kaka Da Taskar Intanet

Da wuya ka shiga tsohon gida a Abu Na'ama, ko Mai Wurno, ko ƙauyukanmu na Jazira, ka rasa akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. In maigida ya yarda ya buɗe maka, za ka tarar da Alƙur'ani rubutun hannu cikin gafakarsa ta fata, da allon zayyana na ranar saukar wani wanda ya daɗe da rasuwa, da babbar riga mai aska takwas wadda asu ya fara taɓawa. A ɗakin uwargida kuwa ga ƙwarya sassaƙaƙƙiya da faifai mai rini. Mu dai kayan kaka muke ce musu. Amma a manyan biranen duniya irinsu ake sa wa gilashi, a biya kuɗi kafin a kalla.

Waɗannan kaya shaida ce. Bayan da Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas tare da jama'a, har suka kafa gari a bakin Nilul Azraƙ, kudu da Sinnar, wajen 1906. Tun kafin su ma akwai alhazan ƙasa da suka yada zango ba su tashi ba. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, gumin iyayenmu yana cikin abin da ya raya su. To, a duk lokacin da wani ya buɗe baki ya ce mana baƙi, kamar yadda aka yi ta faɗa lokacin rikicin Damazin da Rusairis a 2022, abin da ke cikin akwatin nan yana daga cikin amsarmu. Wani Alƙur'anin ma a ƙarshensa akwai sunan marubuci da garin da ya kammala.

Sai dai yaƙin da ya ɓarke cikin Afrilu 2023 ya nuna mana akwati ba mafaka ba ne. Madani ta faɗi a Disamba 2023, Sinja ta bi baya a ƙarshen Yuni 2024, kuma kafin soja su karɓe ta a Nuwamba na wannan shekara, jama'ar yankin nan da yawa sun fita daga su sai tufafin jikinsu. Wa zai ɗauki allo ya bar jariri? Kai, ko gidan tarihi na ƙasa da ke Khartum, mai katanga da masu gadi, da aka koma cikinsa a Maris 2025 an iske an yi masa ƙarƙaf, har da zinariyar sarakunan Kush. In haka ta sami gidan gwamnati, ina ga ɗakin jalus da damina kaɗai ta isa ta rushe?

Abin lura shi ne wasu abubuwa sun tsira, ko da ba jikinsu ba, to surarsu. Shekaru kaɗan kafin yaƙi an yi wani aiki mai suna Sudan Memory, wanda jami'ar King's College ta Landan ta jagoranta tare da cibiyoyin Sudan, ciki har da Darul Wasa'iƙ. An ɗauki hoton littattafai da takardu da tsofaffin hotuna da zane-zane, aka zuba su a taskar intanet inda kowa zai gani kyauta. Wuta ba ta cin abin da ke ajiye a wurare da yawa lokaci guda. Amma fa kuɗin wannan aiki daga waje ya zo, musamman daga wani asusun kare al'adu na British Council, kuma irin wannan tallafi yana da wa'adi. Ban da haka, manyan ayyuka daga manyan cibiyoyin birni suke farawa. Na ƙauye in ya zauna jiran layi ya zo kansa, gara za ta riga layin isowa.

Saboda haka muke ganin lokaci ya yi da za mu yi gayya, mu kafa tamu taskar, mu kuma riƙe ta da aljihunmu. Aikin ba ya bukatar injiniya daga Turai. Waya mai kyamara mai kyau, da farin ƙyalle, da hasken hantsi sun isa a ɗauki allo ko hula. Wahalar tana wajen rubuta bayani: wa ya yi, a wane gari, a zamanin wane sarki, yaya ake kiran wannan zane da Hausa, yaya da Larabci. Hoton da ba bayani, bayan shekara ashirin ba wanda zai san ko na wane ne. Abin da ke cin kuɗi kuwa shi ne hayar wurin ajiya a intanet da kuɗin sunan taskar, waɗanda ake biya duk shekara, kuma da dala. Ranar da aka kasa biya, sai a rufe ƙofa, aikin shekaru ya bi ruwa. Ga kuɗin faifan ajiya, da cajin waya a inda ba lantarki, da na motar yaran da za su zaga ƙauyuka.

Mutanen Tumbuktu sun riga mu. Da masu bindiga suka mamaye garinsu a 2012, iyalai masu littattafai, bisa jagorancin Abdulƙadir Haidara, suka yi ta fitar da su a ɓoye cikin akwatuna, ta mota da ta kwale-kwale, zuwa Bamako. Can kuma sai ga wani abokin gaba, wato laima. A 2013 aka buɗe neman gudummawa ta Indiegogo, mutanen da ba su taɓa ganin Mali ba suka yi ta jefa abin da ya sawwaƙa domin a sayi kwalayen adana takarda. Zuwa 2022 Google ta baje shafuka fiye da 40,000 na waɗannan littattafai a intanet. Amma kafin kowa ya taimaka, masu kayan ne suka fara ɗaukar akwatin a ka.

Mu ma ba yau muka fara tara kuɗi ba. Abin da maƙwabtanmu ke kira nafir shi ne gayyarmu, sanduƙ ɗinsu kuma adashinmu ne, wanda mata suka fi kowa iya riƙonsa. Cikin yaƙin nan kowa ya ga yadda takaya suka ciyar da unguwanni da kuɗin da 'yan'uwa ke turowa ta Bankak daga Jidda da Riyad da sauran wurare. Hanyar a buɗe take. Manomi ya ba da mudun riɗi ko na dawa da kaka, mai shago ya ba da abin da ya iya, na ƙasar waje su ɗauki nauyin abin da ake biya da dala, tunda jine ba ya kwana da darajarsa.

Mun san wani dattijo zai ce, “Ku yara, mutane na kwana da yunwa kuna zancen hoto?” Gaskiyarsa, kuma ba mu yarda a taɓa ko sisin tukunyar takiyya ko kuɗin magani ba. Amma abin da taska ke bukata a shekara bai kai abin da muke kashewa a bikin aure guda na mai hali ba, kuma yunwa in Allah Ya kawo damina mai albarka tana wucewa, alhali allon da ya ƙone ya tafi ke nan. Ku dubi A'ishatul Fallatiyya, 'yar malami, wadda ta shiga rediyon Umdurman ta yi waƙa a farkon shekarun 1940, lokacin da mace ba ta kusantar wurin. Ta rasu tun 1974, amma jikokinmu suna jin muryarta a waya, don kawai wani ya naɗa, wani kuma ya kwafa.

Inda gizo ke saƙa shi ne amana. Sau nawa aka yi karo-karo a garuruwanmu, kuɗin ya shiga aljihu guda ya yi shiru? Kada kuɗin nan ya zauna hannun mutum ɗaya, kuma a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a bayan sallar Juma'a, a buga shi a wannan shafi. Haka mabuɗin taskar, kada ya zama yaro ɗaya ne ya san shi, in ya tafi Libiya ya tafi da shi. Kowane hoto a ajiye shi wuri uku, ɗaya a nan, ɗaya wajen 'yan'uwa a Kano ko Sakkwato, ɗaya a intanet. Sannan ba a karɓar kayan kowa, a gidansa za a ɗauka a bar masa abinsa. Malamin da ya ce hatiminsa sirri ne, a ƙyale shi. Hoton matan gida kuwa sai da yardarsu su kansu, ba ta maigida kaɗai ba.

Samarinmu da ke zana dagi da zayyana a waya da kwamfuta su ma a ba su ɗaki a ciki, kusa da aikin kakanninsu, don mai neman a zana masa katin biki ko tambarin shago ya san inda zai same su. Amma yaran da za a tura da kyamara su fara da gidajen tsofaffi, waɗanda suka haura tamanin, tun suna iya ɗaga hula su faɗi sunan ɗinkin da sunan wanda ya yi shi.