Muryoyin Dattawan Maori a Hannun Ƙirƙirarriyar Basira

Ƙirƙirarriyar basira ta sauƙaƙa aikin adana harsuna da ilimin gargajiya. Manhajar da aka horar da kyau tana sauraren hirar awa guda ta mayar da ita rubutu cikin 'yan mintoci, aikin da a da kan ci wa mutum kwanaki. Sai dai da muryoyin mutane ake horar da irin wannan manhaja, don haka dole a san wanda zai riƙe muryoyin da kuma abin da aka ƙera da su. Al'ummar Maori ta ƙasar Niyu Zilan tana cikin waɗanda suka fi yin nisa a wannan batu.

Harshen Maori ya taɓa kai wa bakin kabari. Dokar makarantu ta 1867 ta fifita Turanci a aji, kuma dattawa da yawa sun ba da labarin bulalar da suka sha saboda sun yi magana da harshen iyayensu. Ƙaura zuwa birane bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta ƙara raba yara da harshen. Farfaɗowa ta soma da gidajen renon yara da aka buɗe a 1982, inda kakanni ke yi wa jikoki magana da Maori zalla, sannan a 1987 ya zama harshen hukuma. A wannan yanayi aka kafa gidan rediyon Te Hiku a garin Kaitaia, can ƙuryar arewacin ƙasar, a farkon shekarun 1990.

Shekara da shekaru gidan rediyon yana naɗar hirarraki da tsofaffi, har ya tara dubban awowi na tarihin dangi, sunayen wurare, magunguna da dabarun su. Yawancin masu muryoyin sun riga mu gidan gaskiya. Rubuta duk wannan da hannu ya fi ƙarfin ma'aikatan, sai shugaban gidan, Peter-Lucas Jones, da injiniyansa Keoni Mahelona suka yanke shawarar ƙera tasu manhajar. A 2018 suka shirya gasar karanta jimloli, kuma cikin kwana 10 jama'a suka ba da muryoyi na fiye da awa 300. Da su aka horar da manhajar da ke rubuta maganar Maori.

Ba a daɗe ba kamfanonin waje suka fara ƙwanƙwasa ƙofa. Te Hiku ta ƙi sayarwa, ta kuma ƙi sakin bayanan kyauta a intanet, abin da ya ba wasu masana kwamfuta mamaki, tun da a wurinsu sakin bayanai ga kowa alheri ne. Hujjar gidan rediyon ita ce abin da aka bar wa kowa, mai manyan na'urori da kuɗi ne ke cin moriyarsa, kuma al'ummar da aka ƙwace wa ƙasa aka hana ta harshenta ba za ta yarda a dawo ana sayar mata da shi ba. Sai suka rubuta lasisin da suka kira Kaitiakitanga, wanda ya ɗauki bayanan a matsayin amana: ana ba da izinin amfani da su ne ga aikin da ya mutunta al'adun Maori, kuma amfanin ya koma ga masu muryoyin.

Fargabar tasu tana da tushe. A 2022 kamfanin OpenAI ya fitar da manhajar Whisper, wadda aka horar da sauti na awa 680,000 da aka kwaso daga intanet, ciki har da fiye da awa 1,300 na Maori. Ma'aikatan Te Hiku sun soki lamarin a fili, suna tambayar wa aka nemi izininsa.

Batun izinin ya fi yadda ake zato zurfi. Tsohon da ya zauna gaban makirfo shekaru 30 da suka wuce ya yarda ne danginsa su ji shi, bai san za a yi wata na'ura mai koyon murya ba. Kuma abin da ya faɗa ba nasa ba ne shi kaɗai. Salsalar dangi ko labarin wuri mai tsarki mallakar zuri'a ce, sa hannun mutum ɗaya a takarda bai isa ya sallama ta ba.

Akwai kuma ilimin da ba kowa ake faɗa wa ba. A wasu al'ummomi akwai na mata kawai, akwai na wanda ya kai wasu shekaru, akwai wanda ba a ambata sai a wani lokaci na shekara. Mutanen Warumungu na Ostireliya sun yi aiki da masu bincike aka ƙera rumbun Mukurtu a 2007, wanda ke nuna wa kowa abin da al'ada ta halatta masa gani. Manhajar da aka horar ba ta da wannan kunya, duk wanda ya tambaya za ta ba shi. Abin da ta koya kuma ya zama kamar gishirin da ya narke a miya, ana iya goge faifan asali amma cire tasirinsa daga cikinta abu ne mai wuyar gaske.

Kuskure ma yana da nauyi na daban a harshen da masu shi suka ƙaranta. A Maori, kamar a Hausa, tsawon wasali yana canza ma'anar kalma. Inda ƙwararrun masu magana suka yi yawa, kuskuren na'ura abin dariya ne. Inda akasarin masu koyo ba su da kaka a gida da za ta gyara musu, kuskuren na iya zama abin da suka ɗauka daidai, karin harshen ƙananan yankuna kuma ya ɓace cikin na manyan.

Masu ganin an cika tsaurarawa suna da tasu hujjar: tsofaffi na mutuwa, kuma ba kowace al'umma ke da injiniya, rumbun sauti da tallafin gwamnati irin na Te Hiku ba. Wadda masu magana da harshenta ba su wuce ɗari ba, wani lokaci ba ta da zaɓi sai haɗa kai da baƙi. A nan sharuɗɗan yarjejeniya ne ke raba taimako da ƙwace.

Doka dai tana baya. Dokokin haƙƙin mallaka sukan ba wanda ya naɗi sauti iko a kansa, ba wanda ya yi maganar ba. Irin wannan saɓani ne ya sa majalisar ƙabilar Standing Rock ta Amurka ta kori wata ƙungiyar adana harshen Lakota daga yankinta a 2022. Sashe na 31 na sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2007 kan haƙƙoƙin al'ummomin asali ya amince da ikonsu a kan iliminsu, amma sanarwar ba ta tilasta wa kowace ƙasa. Ƙa'idojin CARE na 2019, masu neman a bar iko da bayanai a hannun al'umma, shawara ce ga masu bincike. Yarjejeniyar da hukumar kare haƙƙin ƙirƙira ta duniya, WIPO, ta cimma a watan Mayun 2024 ta wajabta wa mai neman rajistar ƙirƙira ya bayyana inda ya samo tsiro ko ilimin gargajiyar da ya dogara da shi, amma ba ta shafi muryoyin da ake horar da manhajoji da su ba.